Gawayin da Ya Shanye Maganin Sufeto

Ku da kuka cika mini benci kuna nuna mini waya, wai ga wani can ya haɗa akwatin kifi cikin minti uku, na gani, sannunku da ƙoƙari. Gilashi biyar, gam, ruwa, kifi, shi ke nan an tashi aiki, ko ba haka ba? Kun kuma tambaye ni ko dole ne sai an sa gawayi a cikin filta, tunda wani a wayar ya ce dole ne, wani kuma ya ce asara ce kawai. Zan ba ku amsa. Amma kai mai jar hula, fara daina ƙwanƙwasa gilashin nan. Jan kifin da kake tsokana sunansa Sufeto, ya girmi autan gidanku, kuma a kansa na koyi amsar tambayar taku.

Ni asalina mai yankan gilashin taga ne. Daga aji biyar na firamare na gudu, aka gaji da ni aka kai ni Kano wurin wani dattijo, Alhaji Ɗanlami, wanda yake yankan gilashi yana kuma haɗa akwatunan kifi na ado ga manyan gidaje. Wata shida na yi ban taɓa abin yanka ba. Wankin yashi da tsakuwa kawai nake, in wanke in zubar, in wanke in zubar, har sai ruwan ya fito garau. Da ya yarda na riƙe daimon, wato ɗan ƙarfen nan mai baki da ake tsaga gilashi da shi, abu na farko da na koya shi ne ba a bin layi sau biyu. Ja ɗaya ake yi, ka ji ya yi ƙara siririya, ka ɗora a bakin tebur ka karya. In ka koma don ka gyara, gilashin zai tsage ta inda ya ga dama, yawanci ta wajen yatsanka. Ga tabon nan, ba ado na yi ba.

Akwatin farko da na haɗa da hannuna, na wani dillalin shinkafa ne a Tudun Wada. Ƙa'ida ita ce gam ya kwana biyu ya bushe, sannan a cika akwatin da ruwa a tsakar gida a bar shi kwana uku a ga ko zai yi yoyo. Ni kuwa ina ɗoki, na ce ai hannuna ya faɗa. Na kai, na cika a falo, mai gida ya kira abokansa su zo su gani. Ana cikin sa albarka sai gefe ɗaya ya buɗe. Har yau ina ganin manyan mutane huɗu sun tattare babbar riga, suna rarrafe a kan kafet suna laluben kifi a ƙarƙashin kujera. Wannan ba ya cikin minti ukun da kuka kalla.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ba mai tambaya ba ne. Gani nake in na tambaya za a ce ban iya ba. Don haka da ido na koyi komai, abin da ido bai gane ba kuma na ƙarasa shi da zato. Abu biyu na lura da su. Na farko, duk filtar da ya haɗa, wato ɗan akwatin da ruwa ke bi ta ciki ya tace, bayan soso sai ya sa wata 'yar jaka mai baƙaƙen ƙwayoyi, yana ce musu kabon. Gawayi ne, amma ba na murhu ba. Na kanti ne, an gasa shi da wuta mai tsanani har jikinsa ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Na biyu, in kifi ya kamu da ciwo, sai ya fitar da shi ya kai bayan shago, ya sa shi a wata tsohuwar roba, ya ɗiga shuɗin magani, ya sa tiyon iska kawai, babu filta babu komai. Sai na yanke hukunci a raina: gawayin nan shi ne sirrin sana'a, robar kuwa rowa ce, tsoho ba ya son ɓata akwati mai kyau a kan kifin da zai mutu.

Da na dawo gida na buɗe shago a nan Yako, an sha dariya. Wani Bafulatani daga wajen Falgore ya tsaya ya daɗe yana kallon akwatin da na ajiye a ƙofa, ya jingina da sandarsa.

Ya ce, "Malam, wannan sai yaushe zai isa ci?"

Na ce, "Ba a cin sa."

"Yana haihuwa a sayar?"

"Wannan dai bai taɓa ba."

"To me yake yi?"

"Kallon sa ake yi. A ba shi abinci safe da yamma."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Ashe akwai wanda ya fi ƙanen matata samun duniya."

Duk da haka ciniki ya zo. Dillalan shinkafa a Tudun Wada, malaman asibiti a Kiru, masu kanti a Bebeji, har Doguwa na kai akwati a bayan ƙaramar bas, ina rungume da shi kamar jariri. Wahalar ba a gilashi take ba, a masu gida take. Wani ya ba kifi tuwo don ya ga kamar bai ƙoshi ba. Wata mai tsabta ta ciro soson filta ta dirje shi da sabulu har ya yi fari ƙal, alhali ƙazantar nan da ta wanke ita ce gidan ƙananan halittun da ke cinye gubar kashin kifi. Ni kuma duk wata sai in zagaya da gawayina a baƙar leda, ba na barin kowa ya leƙa. Wani mai wayo a Doguwa ya leƙa, ya ga ashe gawayi ne, ya aika wurin mai tsire aka ɗebo masa. Da na je, maiƙo da toka sun rufe saman ruwa, falon kuwa sai ƙanshin yaji. Da ƙyar na tsirar da rabin kifin a bokiti, kuma abin ya ƙara mini girman kai, na ce kun gani, aiki sai mai shi.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na Badafi. Wata malamar asibiti ta zo ta ce in haɗa wa mahaifinta akwati. Da ta faɗi sunansa sai da na gyara tsayuwa. Malam Garba ne, hedimastan makarantar da na gudu daga cikinta. Shi ne ya taɓa rubuta mini a takardar sakamako cewa Sale yana da ido amma ba ya tambaya. A zamaninsa komai sai ya ba shi maki cikin goma, har sharar aji, har yadda ka gaishe shi. Yanzu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu, magana sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Yini yake a kujera yana kallon bango.

A kan babur na kai akwatin, wani na tuƙi ina baya ina salati a kowane rami. Na haɗa masa da 'yar sola don injin iska, na zuba yashin rafi, na sa jan kifi ɗaya da ƙanana biyu. Malam ya daɗe yana kallon jan nan yana zagaya kowane lungu, yana leƙa nan yana leƙa can, ba ya tsinana komai sai ci. Can ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Su... feto." Matarsa Inna Delu ta fashe da dariya, ta ce haka masu duba makarantu suke yi masa a da. Sannan ya ɗago hannun hagu ya nuna mini yatsu uku. Tunda hannu ɗaya ya rage, makin ya koma cikin biyar. Ni da ban taɓa wuce huɗu cikin goma a wurinsa ba, ranar har gida ina murmushi.

Daga nan Sufeto ya zama abokin hirar Malam. Da safe ba ya karɓar koko sai ya ɗebi ƙwayar abincin kifi da hannun hagu ya zuba, ya ga Sufeto ya taso ya ci. Sannan ya miƙa hannu a ba shi nasa kofin. Inna Delu ta ce tun da ciwon ya same shi ba ta ga abin da ya sa yake ɗokin wayewar gari ba sai wannan kifi.

Sai shekarar da na ja wa kaina ta zo. Lokacin maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na samu wasu kifaye masu araha a Kano, kyawawa, masu dogon jela. Ƙa'ida ita ce baƙon kifi a ware shi sati biyu a ga lafiyarsa. Ban ware ba. Na bi gidaje na rarraba, biyu kuma na kai Badafi kyauta, don ina neman yatsa na huɗu. Ba a yi kwana goma ba waya ta fara ƙara. Fararen ɗigo sun fito wa kifi kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a tsakuwa, suna maƙale fiffike.

Ban damu ba, ai na san maganin, shuɗin nan ne na maigidana. Na sayo kwalabe. Kuma da yake ni ba marowaci ba ne kamar yadda na ɗauki tsoho, ban sa kifin kowa a roba ba. A cikin akwatinsu na ɗiga magani, sannan don in ƙara wa aikin ƙarfi, na cire tsohon gawayi na sa sabo, jaka biyu-biyu a kowane gida. Ka ɗiga magani yau ruwa ya yi shuɗi kamar an sa bula, gobe ka dawo ka tarar da shi garau kamar ruwan gora. Masu gida su tambaye ni ina maganin ya tafi. In ce musu, da bakin nan nawa, "Kifin ne suka shanye, alamar sauƙi ke nan."

Sauƙin da aka samu shi ne kifi suka dinga juya ciki sama. Dillalin Tudun Wada ya zubar da ruwan ya ba matarsa akwatin ta jera tangaran a ciki. Wani a Bebeji ya zuba 'yan tsaki a nasa. A nan Yako, masu shayi suka sa mini suna Mai Jana'izar Kifi, in na wuce a babur sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Yau ina aka yi rashi?" Na hau mota na tafi Kano na tsaya a kan mai sayar da maganin, na ce jabu ya ba ni. Ya buɗe kwalba ya ɗiga ɗigo ɗaya a gaban farar rigata ta Juma'a. Rigar tana nan, ɗigon ma yana nan.

Rannan da hantsi Inna Delu ta kira ni. Ta ce, "Sale, ka zo. Kifinka ya ƙi ci, malaminka ma ya ƙi ci."

Na ɗauki kwalba ta uku da sabuwar jakar gawayi na kama hanyar Badafi. Na tarar baƙin biyu sun mutu, ƙananan ma sun bi su. Sufeto kaɗai ya rage, yana kwance a kan yashi, jiki duk ɗigo, yana numfashi da ƙyar. Kwana uku bai ci ba. Malam kuma a kwana ukun nan sai cokali biyu ko uku da 'yarsa take ɗura masa da faɗa, har wuyansa ya zurma. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina kwana." Ya ɗago hannun hagu a dunƙule, babu yatsa ko ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, don na gane in kifin nan ya tafi ba shi kaɗai zai tafi ba, kuma ni na kawo ciwon da hannuna.

Na buɗe filta na fara ɗauraye sabon gawayi a bokiti. Inna Delu tana zaune a tabarma tana tsince wake a faifai, tana kallo na ta gefen ido.

Ta ce, "Wai ɗan nan, me ke cikin jakar nan da kake ta ɓoyo?"

Na ce, "Sirrin aiki ne, Inna."

"Sirrin naka dai ya yi mini kama da gawayi."

Na gyara murya na yi mata bayani irin na masana, cewa wannan ba irin na murhunta ba ne, na musamman ne, yana tsotse duk abin da ya shiga ruwa, wari ne, dauɗa ce, launi ne.

"Har launi?"

"Har launi, Inna."

Ta ajiye faifan. Ta nuna kwalbar da ke gefena da haɓa. "To wancan da kake ɗigawa, wane iri ne?"

Na ce, "Shuɗi."

Na faɗa ke nan na kalli kwalbar, na kalli jakar gawayin.

Ta ce, "Ni dai ban yi boko ba. Amma in shinkafata ta kama ta yi ƙauri, gawayi nake ɗorawa a kai in rufe, ya janye ƙaurin. In akuya ta ci abin da bai kamata ba, gawayi muke dakawa mu ɗura mata ya tsotse. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a ba akuya magani a bi ta da gawayi. Shi ina ya san wannan magani ne wannan guba ce? Sale, sati biyu ke nan kana jinyar gawayi, kifi yana kallo."

Na so in yi gardama, don shekara goma sha biyu ina wannan sana'a. Ba ta tsaya saurare na ba. Ta ɗauko kofunan gilashi biyu ta cika da ruwa, ta ce in ɗiga magani a kowanne. Ta damƙi sirrin nawa ta watsa a ɗaya, ta koma kan wakenta. Kafin a kira azahar, kofi ɗaya yana nan shuɗi, ɗayan ya washe. Ina tsugune ina kallon su sai tsohuwar robar bayan shagon Alhaji Ɗanlami ta faɗo mini a rai. Ashe ba rowa ba ce. Nesanta magani yake yi da gawayi. Shekaru ina yi wa bawan Allah mummunan zato, alhali tambaya ɗaya ta isa. Kunya ta rufe ni. Daga kan kujera na ji wani sauti kamar tari, na juya a firgice. Malam ne yake dariya da rabin baki.

Inna Delu ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar roba da ta ajiye don biki, wadda sabulu bai taɓa ba. Na cika da ruwan rijiya da ya kwana a bokiti, na ɗiga magani daidai awo, na sa ɗan gishiri da tiyon iska, na ɗauko Sufeto a hankali na sa shi. Muka ɗora robar a kan kujera 'yar tsugunno kusa da hannun hagun Malam. Kullum da sassafe in taho daga Yako in rage ruwan in ƙara sabo da magani, kuma a karon farko shuɗin ya zauna. Rana ta uku Malam ya zuba ƙwaya biyu kamar yadda yake yi kullum ko da ba a ci ba. Sufeto ya motsa jela, ya taso a karkace, ya kama ɗaya ya tofar, ya sake kamawa ya haɗiye. Malam ya miƙa hannu, Inna Delu ta sa masa kofin koko, ya shanye tas ya nemi ƙari.

To ga amsarku. Ba dole ba ne. Abin da ke riƙe ran kifi shi ne soson nan mai ƙazanta, wanda ba a wanke shi sai da ruwan akwatin, da rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa duk sati, da rashin cika musu ciki. Gawayi ɗan share fage ne. In ka sa saiwar itace irin wadda nake samowa wajen Falgore ta rina ruwa kamar shayi, zai washe shi. In gida ne da turaren wuta ba ya yankewa a falo, nakan sa, don injin iska yana tura hayaƙin cikin ruwa. In an gama jinya ana son kwashe sauran magani, aikinsa ne. Bayan 'yan makonni ramukansa sun cika, ya zama tsakuwa kawai. Amma ranar da za ka ɗiga magani, shi ne na farkon fita. Kifaye da yawa suka mutu kafin in iya faɗar wannan.

Ranar da ɗigon ƙarshe ya ɓace na mayar da Sufeto akwatinsa, ya shiga zagayen lungu-lungu kamar bai taɓa ciwo ba. Malam ya ɗago hannun hagu, yatsu biyar a buɗe. Na fara washe baki ina cewa, "Na gode, Allah ya gafarta Malam." Sai ya karkata hannun a hankali ya nuna Inna Delu. Ya dawo kaina ya naɗe uku ya bar biyu. Ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Mai... maita... aji."

Na maimaita kuwa. Shekara uku ina zuwa Badafi duk wata, kuma na koyi cewa "me ya sa" ko a gaban wa nake. Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, bayan an yi arba'in, sai ga Inna Delu ta sauko daga bas a ƙofar shagon nan, riƙe da bokiti an rufe shi da faifai. Na tare ta da sauri na gaishe ta.

Ta ce, "Malaminka ya bar wasiyya. Ya nuna kifin, ya faɗi sunanka. Na ce masa, wannan mai jinyar gawayin za a ba? Sai ya yi haka."

Ta ɗago hannunta na hagu, ta naɗe babban yatsa ta bar sauran a miƙe.

Na karɓi bokitin na ɗaga faifan, ga Sufeto yana zagaya a ciki, hawaye suna zubo mini a gaban masu shayi. Huɗu cikin biyar. Tunda nake ban taɓa cin maki kamar wannan ba.